Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Jinyar Yaya

Makon jiya na tsaya inda likitoci suka ce sai an yi wa Yaya gashi, wato haska wurin ciwon da inji, saboda kansar bakin mahaifa. Da asuba muke barin Tudun Wada, mu hau mota a Kawo zuwa asibitin Shika da ke Zariya. Shi gashin ba ya zafi, ta kwanta injin ya yi aikinsa ta tashi. Wajen mako na biyu ne gudawa ta sako ta gaba, ko kunu ba ya zama.

Inna, Allah ya jiƙanta, bakinta ba ya rabo da cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Da wannan maganar nake lallaɓa Yaya ta kurɓi ko cokali biyu na kindirmo.

Sai ga Goggo da leda cike da ja-da-yalo, kafson nan mai kashe bakteriya, daga kemis. Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, likita ya ce kada a ba ta komai ba da saninsa ba." Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Ke yaushe aka haife ki?" Kafin magariba dangi sun ji cewa na hana 'yar'uwata magani don ina hangen gidan Rigasa. Gidan da ko ɗaki ɗaya ban ci ba! Ranar rabon gado ma tana zaune, amma wannan sai mun zo wurin.

Shekaru suka shuɗe, autana ya shiga jami'a yana karatun ƙwayoyin halitta. Shi ya zaunar da ni. Ya ce, "Umma, fatar cikin hanji cikin 'yan kwanaki take sabuntawa, shi ya sa hasken gashi ke saurin yi mata illa. Kuma hanji cike yake da bakteriya masu amfani, su ke sarrafa dusar abinci su fitar da sinadaran da ke ciyar da fatar. Gashi na rage su, irin maganin Goggo kuma bai san na kirki da mugu ba."

Ya ba ni labarin binciken da aka fitar a 2020 daga Jami'ar North Carolina a Amurka. An haska wa ɓeraye hasken da ya isa kisa, 'yan kaɗan suka rayu, aka tarar hanjinsu ya fi yawan wasu bakteriya iri biyu, ɗaya ana ce mata Lachnospiraceae. Masu kansar jini da ke da su da yawa ma, wahalar cikinsu ta fi sauƙi da aka yi musu gashi.

Ya ce kada in je ina cewa kindirmo magani ne. Ban ce ba. Inna dai ba ta taɓa ganin ɓera a ɗakin bincike ba, ta kuma faɗi maganarta ta ruwan ciki.

Goggo tana raye, muna gaisawa a biki. Har yau ba ta janye maganar Rigasa ba. Mako mai zuwa zan faɗi yadda aka sallamo mu da abin da mijin Yaya ya yi.