Asabar: lissafin keke, tanti da dutsen Alpe d'Huez

Yau bayan la'asar muka zauna mu uku a rumfar mai gyaran keke, da taswira a waya da takarda a hannu, muka yanke shawarar da ta fi kowace muhimmanci a tafiyar nan: ba za mu bi Tour de France, babban tseren keke na ƙasar Faransa, gari-gari ba. Tseren zango 21 ne cikin kwana 23 na watan Yuli, tsawonsa ya haura kilomita 3,000, kuma sau da yawa inda aka ƙare yau ba nan ake tashi gobe ba, da mota ake kwashe 'yan tseren. Mai keke ɗauke da tanti ba zai cim musu ba ko da wasa. Wuri ɗaya za mu kafa tanti, mu jira su zo su same mu.

Mun tsaya a kan Bourg d'Oisans, garin da ke gindin dutsen Alpe d'Huez da 'yan tseren kan hau, kimanin kilomita 50 daga Grenoble. A watan Oktoba ake fitar da hanyar tseren, kuma daga ranar wuraren kafa tanti na kwarin suke fara cika, don haka kama wuri shi ne aikin farko, kafin ma tikitin jirgi. Takardar shaidar wurin kwanan tana cikin abin da za a nema wajen biza, tare da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 da kuɗin biza Yuro 90. Ana karɓar takardu tun saura wata shida a tafi, a Abuja ko Legas.

Hawan dutsen kansa kilomita 13.8 ne, lanƙwasar hanya 21, matsakaicin tudunsa kashi 8 cikin ɗari, har ka kai mita 1,850 sama da teku. A nan mai gyara ya ɗaga keken ɗaya daga cikinmu, ya juya feda da hannu, ya ƙirga haƙoran giyar baya da yatsa. Babbar 25 ce. Ya ce, "Alhaji, wanga giya ta hanyar Bodinga ce, ba ta dutse ba." Gaskiya ya faɗa. Abin da ake so shi ne ƙaramin faranti mai haƙori 34 a gaba, babbar giya 32 ko 34 a baya. Sai dai ba a sauya giyar baya kawai a tafi. Dole a duba ko abin sauya giyar yana da doguwar ƙafa da za ta ɗauke ta, a kuma sa sabuwar sarƙa mai tsawon da ya dace. In sarƙa ta yi gajarta, ranar da aka haɗa babba da babba sai ta fizge abin sauya giyar, wani lokaci har ya faɗa cikin sifok.

Saukowa ta fi hawa haɗari ga wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu. Riƙe birki tun daga sama har ƙasa yana ƙona gefen wili, zafin ya kai ga tub, taya ta fashe a tsakiyar kwana. Ana matse birki da ƙarfi kafin kwana, a sake shi, wili ya sha iska. Sabbin robobin birki biyu-biyu sun shiga jerin kowa.

Maganar jirgi ta ci mana lokaci. Keke a kwali yake tafiya: a cire tayar gaba, a juya kai a ɗaure shi jikin firam, a kwance abin sauya giya na baya a naɗe shi da tsumma, a cire feda. Fedar hagu a juye zarenta yake, wanda bai sani ba ƙara ɗaure ta zai yi yana zaton kwancewa yake yi. Nauyin kwali kada ya wuce kilo 23, kuma a sanar da kamfanin jirgin tun da wuri. Tukunyar gas ta risho ba ta hawa jirgi, can za a saya, haka sholishon faci. Kilishi ma sai haƙuri, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da madara. Dabino da garin ƙuli ba su cikin wannan hani.

Daga Paris zuwa Grenoble kusan awa uku ne a jirgin ƙasa mai sauri na TGV, amma keke ba ya shigarsa haka kawai, sai a kwance cikin jaka ko an biya masa gurbi a jiragen da ke da shi. Jiragen yanki na TER sun fi sauƙi.

Ranar tseren ita ce ke da tsari na daban. Jandarmomi suna rufe hanya ga motoci tun da wuri, a dutse irin wannan wani lokaci tun jajibere. Masu keke ana barin su su hau da safe, daga baya a ce kowa ya sauka ya tura. Ayarin motocin talla yana wucewa kamar awa biyu kafin 'yan tseren, suna jefa huluna da tarkace. Ke nan a bar tanti a ƙasa, a hau tun hantsi da ruwa lita biyu zuwa uku, abinci, da rigar ruwa. Lanƙwasar hanya mai lamba bakwai ta 'yan Holan ce, kiɗa da barasa tun kwanaki kafin ranar, gara a wuce ta a nemi inuwa can sama. Bayan 'yan tsere sun wuce kada a yi gaggawar sauka, dubban mutane ne ke gangarowa lokaci guda.

Sanyi ne abin da Basakkwace zai raina don ya ji an ce bazarar Turai ce. Kowane mita 1,000 na hawa zafi yana raguwa da digiri shida da rabi, ga hadarin yamma da ke tasowa ba sallama. Jakar barci mai ɗaukar sanyin digiri 5, katifar iska don ƙasa ce ke tsotse ɗumin jiki, da tanti mai rufi biyu, domin mai rufi ɗaya raɓar numfashi ke jiƙa shi daga ciki.

Magariba a can cikin Yuli sai bayan ƙarfe tara na dare, isha kusan sha ɗaya ko fiye, asuba kuwa tun kafin huɗu. Alƙibla kudu maso gabas. A kanti, kalmomi uku za a guje wa a jikin leda: porc, jambon, lardons, domin naman alade suke nufi. Shagunan ƙauye da yawa suna rufewa da tsakar rana da kuma yammacin Lahadi, sai a sayi na gobe tun yau.

Motsa jiki kuwa, tunda ba mu da dutse, iskar hunturu za ta tsaya mana a madadinsa: fita bayan asuba ta hanyar Kware, a fuskanci iska da giya mai nauyi minti 20 ba tsayawa, sau uku, da kaya kilo 12 a kariyar keke. Litinin za a aika Kano a nemo giya mai haƙori 34 guda uku da sarƙoƙinsu.