Wai wa ya kamata ya biya kuɗin rajistar 'yan kamun ƙafa?

A Kanada idan sana'arka kamun ƙafa ce, wato wani kamfani ko ƙungiya su biya ka ka je ka zauna da minista ko ɗan majalisa ka lallaɓa shi a kan wata doka ko kwangila ko tallafi, to dole sai ka sa sunanka a rajistar gwamnatin tarayya, ka faɗi wa ya turo ka, me kake nema, wace ma'aikata kake shiga. Kuma ko sisi ba za su karɓa a hannunka ba. Kyauta ne. Mutane da yawa idan suka ji haka sai su ce haba, mutumin da ke cin abinci da ƙofar gwamnati, wanda manyan kamfanonin mai da bankuna ke zuba wa kuɗi, shi ne za a yi wa aiki a ɓagas da harajin talaka? Ni dai ina ganin Kanada ce ta yi daidai, kuma masu cajin kuɗin su ne suka fahimci abin a baibai.

Tun 1989 suke da dokar rajistar, amma ba ta yi haƙora sosai ba sai a 2008, bayan badaƙalar kuɗin tallace-tallace da ta taimaka wajen kayar da gwamnatin Liberal, Stephen Harper ya hau kujerar firaminista ya kawo dokar bin diddigi ta 2006. Daga nan ne aka kafa ofishin kwamishinan kamun ƙafa a Ottawa, wanda majalisa yake yi wa bayani ba firaminista ba, wa'adinsa shekara 7. Karen Shepherd ce ta fara riƙe kujerar, sai Nancy Bélanger ta karɓa a ƙarshen 2017. Ɗan kamun ƙafar da kamfani ya ɗauko haya, ba ma'aikacinsa ba, yana da kwana 10 ya yi rajista daga ranar da ya karɓi aikin, kuma duk wata ganawa da aka shirya da babban jami'i sai an kai rahotonta kafin 15 ga watan da ke biye. Ka ƙi yi ko ka yi ƙarya, tara tana iya kaiwa dala 200,000 ta Kanada ko ɗaurin shekara 2. Minista kuma idan ya sauka sai ya yi shekara 5 kafin ya shiga wannan sana'a. A da can akwai ɗan caji ga wanda ya nace sai ya cike takarda da hannu, na intanet kuwa kyauta, toh kusan kowa sai ya koma intanet, magana ta ƙare.

Wani abin lura a batun kuɗin shi ne Kanada ta taɓa yin wata doka da nake jin daɗinta ƙwarai, ta 2004, wadda ta ɗaure kuɗin da ma'aikata ke karɓa da alkawarin aikin da za ta yi. Ba za ka ce a biya ka kawai ka yi shiru ba, sai ka rubuta a fili cewa cikin kwana kaza zan gama, kuma idan ka gaza da tazara mai yawa a rage kuɗin, ragin yana iya kaiwa rabi. A 2017 suka sauya ta da wata sabuwa wadda ta ce idan an saɓa alkawari a mayar wa mutum wani kaso na kuɗinsa, sannan kuɗin ya riƙa bin hauhawar farashi duk shekara. Wannan tsari ya yi kyau ga fasfo da lasisi da makamantansu, domin kai ka biya, kai ake yi wa aiki, kai za ka yi ƙorafi idan an ɓata maka lokaci.

To amma rajistar 'yan kamun ƙafa fa, wa ake yi wa aikin? Nan ne nake ganin ake kuskure. Ɗan kamun ƙafa ba ya buƙatar rajistar nan ko kaɗan, in da son ransa ne ma kar kowa ya san ya taka ofishin minista. Mai cin moriyar shi ne ɗan jarida da ke son sanin wa ya gana da ministan lafiya sati biyu kafin a sassauta wata doka, da ɗan adawa, da mai zaɓe. Kaga kenan idan ka kafa kuɗi a ƙofar, ka sa shinge ne a gaban abin da kai kake roƙon mutum ya yi. Kamar mai unguwa ne ya ce duk baƙon da ya sauka ya zo ya gabatar da kansa, sannan ya yanka kuɗin gaisuwa a bakin zaure, baƙon kirki zai biya yana gunaguni, wanda ake tsoron kuwa ya samu hujjar bi ta lungu.

Ku duba Birtaniya. Dokarsu ta 2014 ta kafa rajista wadda masu rajistar ne ke ɗaukar nauyinta, fam 950 a shekara da ƙarin fam 12.50 duk wata uku, ya tashi fam 1,000 kenan. Kuma ba kowa ta shafa ba, sai kamfanonin da ake ɗauka haya, su ma sai idan minista ko babban sakatare suka tuntuɓa. Ma'aikacin da kamfani ya ɗauka a cikin gida ba ruwansa. Shi ya sa da maganar kamfanin kuɗi na Greensill ta fashe a 2021, aka gano tsohon firaminista David Cameron ya yi ta tura wa Rishi Sunak saƙon waya lokacin yana ministan kuɗi yana nema wa kamfanin shiga shirin bashin korona, mai kula da rajistar ya duba ya ce ai bai karya doka ba tunda ma'aikacin kamfanin ne. Ban ce kuɗin ne kaɗai ya jawo wannan ramin ba, amma rajistar da aka gina a kan cewa masu shiga su za su biya, da wuya a faɗaɗa ta ta haɗa da ƙananan ƙungiyoyi da masu aikin jinƙai ba tare da an yi ta rigima a kan wa zai iya biya ba.

A Amurka kuwa rajistar majalisar tarayya ta dokar 1995 kyauta ce, jihohi ne kowa da nasa farashin. Texas tana karɓar dala 750 daga yawancinsu. Illinois ta taɓa ɗaga nata zuwa dala 1,000, ƙungiyar kare 'yanci ta ACLU ta kai ƙara kotun tarayya cewa wannan ya wuce kuɗin gudanar da rajista ya zama haraji a kan 'yancin yi wa gwamnati magana, kotu ta dakatar, daga baya aka sauko da shi dala 300. Dala dubu ba komai ba ce a wurin kamfanin taba, kuɗin cin abincin rana ne, amma ƙungiyar iyayen yara masu naƙasa da ke da ma'aikaci ɗaya tak sai ta yi lissafi.

Sai dai fa akwai inda masu son a caji kuɗi suke da gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Idan abu kyauta ne, da me za ka riƙe ma'aikata idan ta yi sakaci? Ba kuɗin da za a mayar. Ofishin na Ottawa ya ɗora wa kansa alkawura duk da haka, cewa zai duba rajista ya amince ko ya mayar da gyara cikin kwanakin aiki 3, ya ɗaga yawancin kiran waya cikin sakan 30, ya amsa imel mai sauƙi cikin kwana 2, kuma suna bayyana yadda suka cika a rahoton shekara da ke zuwa majalisa. Madalla. Amma ku lura duk waɗannan alkawura ga ɗan kamun ƙafa aka yi su, shi ake lallashi kar ya jira. Alkawarin da ya fi damuna shi ne na jama'a, yaushe ne ganawar za ta fito a gani? A lissafin dokar, wanda ya gana da minista ranar 1 ga wata yana da har 15 ga wata mai zuwa, wajen kwana 45 kenan, kuma a cikin kwana 45 ana iya gama muhawara a kaɗa ƙuri'a kowa ya watse. Da ni ake tambaya nan zan matsa, ba wajen sakan 30 na waya ba.

Mu ma abin ya taɓa mu ta wata hanya da ba kowa ke lura ba. Yadda aka yi muka san gwamnatin Jonathan ta ɗauki kamfanin Levick a 2014 kan dala miliyan 1.2 don gyara sunanta bayan sace 'yan matan Chibok, da yadda PDP ta ɗauki kamfanin Ballard Partners a 2018 kan sama da dala miliyan 1 gab da zaɓe, ai daga rajistar Amurka ne, ta dokar FARA ta 1938 da ta tilasta wa masu yi wa ƙasashen waje aiki su ajiye kwangilarsu a ma'aikatar shari'a. Can kam ana biya, dala 305 kan kowane wanda kake wakilta, kuma a sake biya duk wata shida, wanda a kan kwangilar miliyan ko a jikinsu. Abin takaicin shi ne ɗan Najeriya yana iya zama a Kano ya karanta wa ya biya wa a Washington, amma wa ya shiga ofishin shugaban kwamiti a Abuja daren da za a zauna kan kasafi, sai dai jita-jita.

Sanata Dino Melaye ya kawo ƙudirin tsara kamun ƙafa a 2016, ya tsallake karatu na biyu a majalisar dattawa, bai zama doka ba. Ranar da irinsa ya dawo, ni sashen kuɗi zan fara buɗewa, don na san halinmu, da zarar an kafa hukuma sai a ɗora mata neman kuɗin shiga, a yanka kuɗin fom, kuɗin satifiket, kuɗin sabuntawa duk shekara, da tarar makara. Manyan kamfanonin siminti da sadarwa za su biya ko su ci gaba da bi ta gidan oga da daddare yadda suka saba, ƙungiyar manoman tumatir ta Kadawa da ke son a ji kukanta kan shigo da tumatirin gwangwani kuwa a ce mata ba ta da lasisin yin magana da ɗan majalisar da ta zaɓa.