Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Shekarar da Na Yi Gaba da Tuwo

Makon jiya mun tsaya a ranar da ma'aikaciyar asibiti ta miƙo mini takardar awon jini, ta zagaye wata lamba da jan biro: 1,18. Ta ce ciwon sukari bai kama ni ba tukuna, sai awon safe kafin a karya ya kai 1,26 ake kiransa da wannan suna, amma ina bakin ƙofa. Hawan jini 15/9, nauyi kilo 94. Ta ce, "Hajiya, sai kin rage jiki."

A kan kabu-kabu ina komawa Zango, unguwarmu a Damagaram, dariya ta kama ni. Ni da na ƙare ƙuruciyata wajen neman wannan jikin! Lokacin da aka kai ni gidan miji a unguwar Birni kilona 52, kamar sillen kara. Inna, uwar mijina, ta dube ni ta ce mutane za su ce ɗanta ba ya ciyar da iyali. Aka sa ni gaba da fura da nono, daga baya wata ƙawa ta koya mini sha-ka-fashe na masu tebur. Sai da na girma na san ɗaya daga cikin ƙwayoyin maganin ƙaiƙayi ne mai buɗe ciki, ɗayan kuma deksametazon ne, wanda ke kumbura fuska ya kuma ɗaga sukarin jini. Da kumatuna suka cika, unguwa ta yi ta sa wa mijina albarka.

To, da aka ce in rage, duk wadda na tambaya amsa ɗaya: tuwo ne. Na yi gaba da tuwo. Da asuba ruwan ɗumi da lemun tsami, wai yana narkar da teɓa. Da dare shayin rage tumbi na jaka uku, wanda ƙamshinsa kaɗai ya isa ya gaya mini filasko ne aka zuba a kwali mai kyau. Na kwana ina safa da marwa tsakanin ɗaki da bayan gida, da safe in hau sikeli in yi murna. Ruwan jikina nake zubarwa, kitsen yana nan inda yake.

Cikin wata biyu na sauke kilo 6. Amma a shago jiri nake gani kan keken ɗinki, har na ɓata wa wata amarya shadda. Ƴaƴana suka daina zama kusa da ni don faɗa. Azumi ya zo, na ce ga dama ta samu, sai dai kullum a sha ruwa da zoɓo mai zaƙi da ƙosai da soyayyen dankali. Sallah ta kawo alkaki, kuma wanda ya san alkakin Damagaram ba zai zarge ni ba. Kafin layya kilona 96.

A nan na sallama. Na ce shekaru ne, mace in ta wuce 40 ko ruwa ta sha sai ya zama kitse.

Ɗiyar yayata da ke karatun likita ce ta ƙi yarda. Ta ce, "Tanti, shekarunki 47, kada ki ɗora wa shekaru laifi." Ta ba ni labarin wani bincike da Herman Pontzer da abokan aikinsa suka fitar a 2021, inda aka auna mutum fiye da 6,000 a ƙasashe 29, daga jarirai har tsofaffi masu shekara 95. Suka tarar yadda jiki ke ƙona abinci ba ya wani sauyawa tsakanin shekara 20 da 60, sai bayan nan yake raguwa, shi ma sannu a hankali. Na ce to me ya sa nauyin ya dawo har da riba? Ta ce ai yunwar da na saka wa kaina ce. Jiki bai san ado nake nema ba, shi a ganinsa fari aka shiga, sai ya rage abin da yake ƙonawa, ya ƙara ƙarfin yunwa, tsoka kuma ta zube tare da kitsen. Mu da iyayenmu suka ga yunwar 1984 ba sai an yi mana dogon bayani kan tattalin rumbu ba.

Ta kawo littafin ƴan makaranta ta ce in rubuta duk abin da ya shiga bakina kwana uku, kada in ɓoye ko ƙwayar gyaɗa. Wallahi na ji kunya. Shayi sau uku a shago, kowane kofi ƙwayar sukari 4. Fura da rana, ita ma da sukari. Lemun kwalba in baƙuwa ta zo, kuma tela ba ta rasa baƙi. Ta lissafa, na ninka gram 50 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce a rana. Sai man gyaɗa, wanda nake tuttulawa daga bakin kwalba ba awo, alhali cokali ɗaya na cin abinci ya kai kalori 120. Tuwon da na yi wata biyu ina gaba da shi, shi ne mai ƙaramin laifi a littafin. Ga Inna nan, ta haura 80, tuwon hatsi da miyar kuka take ci tun tana yarinya, har gobe ita ke share tsakar gidanta.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne da ta ce ba kilo 52 ake so in koma ba. A Amurka an yi wani babban gwaji kan masu bakin ƙofa irina, sakamakonsa ya fito a 2002: waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, da tafiya minti 150 a mako, haɗarin kamuwa da ciwon sukari ya ragu musu da kashi 58 cikin 100. A jikina wannan bai kai kilo 7 ba.

Na maido da tuwo, malmala ɗaya maimakon biyu, miya da yawa. Wake da dambun zogale suka dawo gidana, abincin da a da nake ganin na marasa hali ne. Sukarin shayi na sauke shi ƙwaya ƙwaya, don lokaci guda ba zan iya ba. Mai kuma da cokali. Na sallami mai kabu-kabun da ke ɗaukata da safe, ranar Alhamis har Kasuwar Dole nake takawa sayen zare kafin rana ta yi zafi. Wata biyar, kilo 5 kacal, amma takardar awo ta nuna 1,04.

Sai dai a garin nan matar aure ba ta ramewa tana yawo a ƙasa a ƙyale ta. Maganar ta zagaya har Birni: wasu sun ce Alhaji ya karye, wasu sun ce kishiya za a yi mini shi ya sa na lalace. Wata Juma'a bayan la'asar sai ga yaro da ƙwaryar fura a rufe da faifai, ya ce Inna ta ce in shanye, kuma gobe in zo ni da mijina tana son ganinmu.

Abin da ya faru a ɗakin Inna, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.