Iskar da ke shan man Kawu

Kawuna yana jigilar fasinja daga Jidda zuwa Makka, kuma kullum kukansa ɗaya ne: da ya taka mota ta haura kilomita 120 a awa, sai mai ya riƙa zurarewa kamar an huda tanki. Na ce masa iska ce. Ya yi dariya, ya ce, "Kai yaro, iska kuma?"

Abin ya tsaya mini a rai. Na sauke OpenFOAM, manhajar kyauta ce da ke kwaikwayon tafiyar iska a kwamfuta, na saka siffar mota a ciki. Sai da aka yayyanka sararin da ke kewaye da motar zuwa ƙananan akwatuna miliyoyi, a kowane ɗaya kwamfuta na auna gudun iska da matsinta da lissafin Navier-Stokes, wato lissafin da ke bayyana yadda iska da ruwa ke gudana. Kwana biyu fankarta tana kuka, ɗakin ya ɗau zafi.

Sakamakon farko shirme ne, kuma laifina ne: na bar tayoyin tsaye cik, kwaltar ma ba ta motsi, alhali a manhajar motar ce ke tsaye, iska da kwalta ne ya kamata su riƙa wucewa. Da na gyara, sai ga abin kallo. Saman taya gaba yake juyowa, yana karo da iskar da ke tahowa, ita kuwa ta hargitse a ramin tayar, ta fito gefe tana murɗawa kamar ƙaramar guguwa. Tayoyi da ramukansu kaɗai kan ci kusan rubu'in turjiyar iska. In ka ninka gudu, turjiyar ninki huɗu take yi.

Na nuna wa Kawu hoton a waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko ƙarfen ɗora kaya na kan rufin motar ma yana da hannu a ciki.