Me Ummi za ta riƙe a taron fitilu?

Laraba. Daga aikin dare na sauko, ban ko kishingiɗa ba na zuba su Ummi a mota muka kama hanyar makaranta, don yau ce ake barin iyaye su shiga zaman shiru, wato ibadar 'yan Kweka, ɗariƙar Kiristan da ke da makarantar, kuma na daɗe da yi mata alkawari. Sanyin Disamba ya zauna da gindinsa a Filadelfiya, nan Amurka. Abba ya sake yar da safar hannu, haka muka tafi hannunsa ɗaya a aljihu.

Da murnata na fita. Jiya da yamma rahoton zango ya shigo, kuma kun san irin nasu: rubutu ne zalla, babu maki, babu ta zo ta nawa. Baban su har yau sai ya juya takardar gaba da baya yana neman lamba. Malama ta rubuta cewa Ummi ta kama lissafin rabi da kwata sosai, sai dai tana saurin ba da amsa tun ba ta kai ƙarshen tambaya ba, kuma ita ce ke fara durƙusawa in wani ya zubar da fensirorinsa. Ta yaba aikin da ta yi kan mutanen Lenape, waɗanda William Penn, Baturen da ya kafa Filadelfiya, ya tarar a ƙasar nan da ya iso a 1682. Ina karantawa ina ganin 'yata tsaf. Wanda ya rubuta wannan ya zauna ya kalle ta, kuma hakan na yiwuwa ne don ajin nasu ba su kai ashirin ba.

Zaman shirun ma ya yi mini daɗi. Tsohon ɗaki ne, bencunan katako suna fuskantar juna ta kowane ɓangare, babu mumbari, babu gicciye, babu hoto a bango, babu fasto. Manyan yara kowa na riƙe da ƙaraminsa, don haka Abba yana jikin wani ɗan aji takwas, ya natsu yadda ban taɓa ganin ya natsu a gida ba. Kusan rabin awa ba wanda ya yi magana sai wani ƙaramin yaro da ya miƙe ya ce kakansa yana asibiti, ya koma ya zauna. Ba a amsa masa ba, don ba a amsawa, amma na ga idon manya da yawa ya canza. Ni dai tasbihina nake ja a zuci kamar kullum. Masu tambayata ko ba na tsoron makarantar 'yan Kweka ta taɓa addinin yara, amsata ba ta canza ba: yawancin ɗaliban ba Kweka ba ne, kuma ba a taɓa sa Ummi ta furta abin da ya saɓa wa aƙidarta ba. Da lokaci ya cika shugaban makaranta ya miƙa wa na kusa da shi hannu, kowa ya gaisa da maƙwabcinsa, aka tashi.

A bakin ƙofa malamar su Ummi ta tare ni. Ta kira sunana gatsal, kamar yadda suke yi wa kowa. Su yaran ma da suna suke kiran malamai, wai don kada wani ya ɗaukaka kan wani, al'adar da suka gada tun zamanin da kakanninsu ke ƙin cire hula a gaban alƙali. Ni bakina ya ƙi, Malama nake ce mata.

Ta ce, "Juma'ar sama za mu yi taron fitilu kafin a tashi hutu. Kowane yaro zai fito da wani haske daga bikin gidansu, ya faɗi magana biyu a kai. Me Ummi za ta kawo?"

Na ce, "Malama, ai mu ba mu da biki a wannan watan."

Ta ce ba komai, ba dole sai na Disamba ba. Ta shiga lissafa mini: Yahudawan ajin za su kawo mazaunin kyandir mai rassa tara na Hanuka, 'yan Indiya za su kawo ƙananan fitilun yumɓu na Diwali ko da yake nasu ya wuce tun kaka, wata yarinya mai asali da Suwidin za ta sa rawanin kyandirori, akwai kuma masu kyandir bakwai na Kwanza, bikin baƙaƙen fatar Amurka. Sannan fuskarta ta washe ta ce, "Af, shekarun baya wasu 'yan Masar sun kawo fitilar azumi, kyakkyawa, tana nan a kabad. In kuna so Ummi ta ɗauka."

Nan ne raina ya sosu. Na tsaya na yi mata bayani, cikin ladabi, cewa fitilar nan ta Misirawa ce, sun daɗe da ita kuma suna son abinsu, amma ni da na tashi a Kano ban taɓa ganin an rataye ta a gidan kowa ba. Na ce mata azumi a wurinmu kunun tsamiya ne da ƙosai da magariba, da tafsiri a rediyo, da yara masu tashe daga goma ga wata suna bin gida gida, da sallar dare a goman ƙarshe. Sallah kuwa sabon ɗinki ce da lalle, da fita idi, da dawakai a hawan Sallah da hawan Daushe, da kwanukan abinci suna yawo tsakanin maƙwabta. Duk a ciki babu abin da ake kunnawa a riƙe a hannu. Na ƙara da cewa mu wata muke dubawa, a zauna ana sauraron sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato.

Sai ta tafa hannu. "To ai shi ke nan! Wata ma haske ne. Ta yanko jinjirin wata a kwali ta shafa masa fenti."

Na ce bari in yi tunani. Muka rabu da fara'a.

Matar nan ba ta nufe ni da komai ba sai alheri, wannan ba na shakka. So take kada a bar 'yata a baya, kuma maganar watan da ta kawo ba ta da aibu. Amma tun daga bakin ƙofar har na shiga mota abin na cina, na kasa tayar da motar. Na tambayi kaina: 'yan Indiyan nan bikinsu ya wuce kuma za su kawo fitilarsu da daɗin rai, ke me ya hana ki? Sai da na jima kafin na gano inda ƙayar take. Ƙaramar Sallar da ta wuce, ranar makaranta ta faɗo. Na rubuta takarda, Ummi ta zauna a gida, muka je idi, ta sha kwalliya da atamfar da Inna ta aiko. Washegari ta koma ta tarar a ranar ce ajinsu suka fita ziyarar da suka yi wata guda suna shiri. Ba wanda ya yi da gangan. Ba wanda ya ma san Sallah ce. Ta dawo gida da lalle a hannu tana kuka, tana cewa da ta sani da ta je makaranta. Yarinya 'yar shekara tara ta ce da ta sani da ta bar Sallah.

To shi ne yau ake son Sallarmu a Disamba, lokacin da ba ta zo ba, don ta shiga layi da sauran bukukuwa a dare guda. Ranar da ta zo da kanta kuwa kalandar makaranta ba ta san da ita ba. Kirsimeti na da hutu mai tsawo. Mu namu watan yana ja da baya da kwana 10 ko 11 duk shekara. Sai cikin Maris mai zuwa za a yi ƙaramar Sallah, kuma ba za ta faɗo a Disamba ba sai wajen 2033, lokacin Ummi ta daɗe da barin makarantar nan. Ina jin tsoron ta koyi cewa abin gidansu sai an matsar da shi, an sake masa kama, kafin ya samu wurin zama.

Na fito daga mota na koma ciki, da niyyar ɗauko littafin da Abba ya manta. A laburare na iske tsohuwar nan mai zuwa taimako ranar Laraba, wadda ta saƙa wa Abba hula bara. Ita haifaffiyar Kweka ce, iyaye da kakanni. Ta dubi fuskata ta ce in zauna. Na zayyane mata komai. Ba ta katse ni ba, kuma da na gama ma sai da ta yi shirun nan nasu kafin ta buɗe baki.

Ta ce in da kakanninta za su ga taron fitilun nan, su ma da ba su san abin da za su riƙe ba. Mabiyan farko na George Fox, wanda ya kafa ɗariƙar Kweka a Ingila a shekarun 1650, ba sa bikin Kirsimeti sam. A wurinsu duk ranaku na Allah ne, babu wadda ta fi wata tsarki, shi ya sa suke buɗe shagunansu ranar 25 ga Disamba, makarantunsu ma a da ana shiga aji a ranar. Ko sunayen ranaku da watanni ba sa kira, sai Rana ta Ɗaya, Wata na Goma sha Biyu. Daga baya ne aka sassauta, itacen Kirsimeti ya shiga gidajensu kamar na kowa. Ta ce ita kanta a taron ba ta riƙe komai, zama kawai take yi.

Na ce, "Baba, ke babba ce, kin zaɓa. Ita yarinya ce, kowa zai fito da abu a hannu."

Ta gyaɗa kai. Ta ce gaskiya ne. Sannan ta ce maganar ranar Sallah ba ta bakin ƙofa ba ce, in rubuta wa magatakardan taron iyaye a sa ta cikin abin da za a tattauna a Janairu, kuma za ta zo ta zauna kusa da ni.

Na gode mata har zuciya, amma na san yadda taronsu yake. Ba a ƙuri'a. Ana zama ne ana sauraron juna, a yi shiru, a sake magana, har sai magatakarda ya ga an haɗu a kan abu ɗaya. In mutum guda ya tsaya da hujja sai a ɗage. A aikin tarihin su Ummi ne na karanta cewa a 1688 wasu mutum huɗu a Germantown, nan cikin garin nan, suka rubuta takardar ƙin cinikin bayi suka miƙa wa taron Kweka, amma sai a 1776 babban taron Filadelfiya ya hana 'ya'yansa mallakar bayi. Ina girmama mutanen da in sun amince da abu suke riƙe shi da gaske. Sai dai Maris ba ta da nisa, kuma abin da nake nema kaɗan ne: a rubuta ranakun Sallah biyu a kalanda, kada a sa jarrabawa ko fita a cikinsu. Ban ma ce a ba da hutu ba.

Barci ya ƙi zuwa da rana. Na dafa shinkafa da wake. Injin wanki ya sake tsayawa a tsakiya.

Yaya ta kira daga Bronx bayan la'asar. Ta ce, "Ke dai kin cika sa wa kanki damuwa. Ki ba ta fitilar mana, ai ta Musulmi ce, mene ne a ciki?" Na ce Yaya, ke naki yaran makarantun gwamnatin New York suke, tun 2015 ake rufe musu makaranta ranar Sallah ƙarama da babba, ba ki san wannan ciwon ba. Ta yi shiru, ta ce haka ne kuma. Baban su ya ce shi yana bayana kan wasiƙar, har zai sa hannu, amma kada in bari rigimar manya ta sa yarinya ta tsaya hannu sake a gaban 'yan ajinsu. Wannan maganar tasa ta shige ni.

Bayan isha na kira Ummi. Na ce mata ga shawarata: ta yanko watan a kwali yadda Malama ta ce, ta fito ta gaya musu cewa mu wata muke jira, namu bikin bai zo ba tukuna, sai Maris, kuma in ya zo za ta kawo wa kowa cincin da dubulan ta nuna musu lallenta. Ta saurare ni har ƙarshe. Sai ta ce, "Mama, ni fitilar nake so. Na gan ta a kabad, tana da gilashi ja da kore. Kwali ba ya haske."

Na ce ai ba tamu ba ce. Ta ce, "To wace ce tamu?"

Na ce mu kwana a kai. Har yanzu ban ga abin da zan ce mata da safe ba, kuma ba na son in tilasta mata ta riƙe kwali don in huce haushin da ba ita ta jawo ba. In ta dage a kan fitilar, ina ganin zan bar ta ta ɗauka, da sharaɗin ta faɗa musu cewa ta mutanen Masar ce, sannan ta faɗi namu da bakinta, har da watan da zai zo. Wasiƙar magatakarda kuwa na riga na rubuta, Baban su ya karanta ya rage mini layi biyu da ya ce sun yi zafi. Gobe in na sauke su zan miƙa ta a ofis da hannuna.