Ranar da Na Ari Kurar Mai Ga-Ruwa Don Koyar da Fiziks

Shekara shida ina koyar da Fiziks a wata sakandare ta jeka-ka-dawo, kuma duk lokacin da manhaja ta kawo mu kan ƙa'idojin motsi guda uku na Isaac Newton, abu ɗaya nake yi: in rubuta a allo, yara su kwafa, su haddace, su zubo mini a jarrabawa. Wata rana sai na tambayi 'yan aji huɗu, idan aka buga ƙwallo ta gangara, me ke tsayar da ita? Kusan duka suka ce ƙarfin da aka sa mata ne ya ƙare. Har yarinyar da ta fi kowa maki haka ta ce.

Jikina ya yi sanyi. Ai wannan amsar Aristotle ce, mutumin Girka da ya rayu sama da shekara 2,000 da suka wuce, wanda ya ɗauka abu ba ya ci gaba da tafiya sai ana tura shi. Galileo na Italiya ne ya fara rushe wannan tunani da gangara ƙwallaye a kan katako, Newton ya ƙarasa a littafin da ya fitar a 1687. Ni kuwa ashe shekara da shekaru bakin yara ne ke faɗin na Newton, zuciyarsu tana wajen Aristotle.

Akwai wani dattijo da ke kawo mana ruwa makaranta a kura. Na same shi na ce, "Baba, don Allah aron kurarka nake so na awa ɗaya, zan biya kuɗin sahu biyu." Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Malam, albashin ne bai zo ba?" Ya dai yarda, da sharaɗin zai tsaya ya ga abin da za mu yi da dukiyarsa.

Jarka goma ce a ciki, kowace lita 25. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato ruwan kaɗai kilo 250, ban da ƙarfen kurar. Muka kai ta kan simintin da ke gaban ofishi. Na sa wani yaro ya tura. Ya yunƙura, jijiyar wuya ta tashi, kura ko gezau, sai can ta motsa. Da ta kama hanya kuwa, da hannu ɗaya ya riƙa tafiya da ita. Na ce ya saki. Ya saki, kura ta ci gaba da tafiya ita kaɗai, taku biyar, shida, kafin ta lafa. Na ce, to wa ke tura ta yanzu? Aka yi tsit.

A nan ne darasin yake, kuma shi ne abin da alli ya kasa yi mini. Aikin ƙarfi shi ne canza motsi: ya tayar da abin da ke tsaye, ya ƙara masa gudu, ya rage, ko ya karkatar da shi. Abin da ke tafiya kuwa, in ba a taɓa shi ba, haka zai yi ta tafiya; ƙa'ida ta ɗaya ke nan. Abin da ke ɓoye mana wannan shi ne gogayya, wato cizon da ke tsakanin taya da ƙasa, da tsakanin ƙarfe da ƙarfe a gindin taya, da kuma iska. Don su gani da idonsu, muka tura kurar daga siminti zuwa cikin yashi. Nan take ta cije. Ƙarfin turawa ɗaya ne, ƙasar ce ta canza. Na ba su labarin kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977, wanda har yau yake lulawa can nesa da rana ba tare da wani inji na tura shi gaba ba, saboda babu yashi babu iska a hanyarsa.

Ƙa'ida ta biyu ba ta ba mu wahala ba. Muka sauke jarkoki duka, yaro ya tura, kura ta zabura kamar akuya. Muka ɗora biyar, sai a hankali. Muka cika goma, sai da nishi. Ƙarfi daidai yake da yawan kayan sau ƙaruwar gudu, kuma ma'auninsa, da ake kira newton, shi ne ƙarfin da zai ƙara wa kilo ɗaya gudun mita ɗaya cikin daƙiƙa a kowace daƙiƙa. Wannan sun kama shi tun kafin in gama magana.

Ta ukun ce ta kunyata ni. Na ce idan ka tura kura, ita ma tana tura ka da ƙarfi daidai wa daida. Yarinyar nan mai maki ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in haka ne ai ba za ta taɓa motsawa ba, tunda an yi kunnen doki." Wallahi na buɗe baki na rasa abin cewa. Na san amsar a takarda, amma ban taɓa faɗinta da Hausa ba. Abin da ya cece ni shi ne wani yaro mai silifas da ya zo turawa daidai inda ruwa ya zuba a siminti. Ya danna, kura na nan, shi ne ya sulale baya ya durƙusa. Na ce yauwa! Ƙarfin biyu ba a kan abu ɗaya suke sauka ba. Naka yana kan kura, nata yana kanka. Kai abin da ke hana ka komawa baya shi ne ƙafarka da ta cije ƙasa, ƙasa kuma tana tura ka gaba. Da santsi ya raba ƙafa da ƙasa, ga abin da ya faru. Haka mai kwalekwale ke tura ruwa baya don ya yi gaba, haka bindigar maharbi ke dukan kafaɗarsa.

Da na tsaya nan da an rabu lafiya. Amma daɗi ya ɗebe ni, na ce mu je ɗan gangaren da ke bayan ajujuwa mu ga aikin janyowar ƙasa. A ido ba wani gangare ba ne. Daga baya da na auna da igiya, na samu yana sauka kamar mita ɗaya a cikin kowace mita 20. Ƙasa tana jan kowane kilo da newton 9.8, wato ruwan nan nauyinsa newton 2,450, kuma kashi ɗaya cikin 20 na wannan ne ke jan kurar zuwa ƙasa, kwatankwacin nauyin rabin jarka. Kaɗan ne, shi ya sa na raina shi. Abin da na manta, ni mai koyarwa, shi ne wannan ɗan ƙarfin ba ya hutawa, kowace daƙiƙa ƙara gudu yake yi. Yara biyu suka sake ta don wasa, da suka zo kamawa ta fi ƙarfinsu, ta ja su har suka saki. Ta daki katanga. Kura ta tsaya cak, jarkokin kuwa babu wanda ya gaya musu an tsaya, biyu na gaba suka yi tsalle suka faɗi, ɗaya ta fashe. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Malam, ƙa'ida ta ɗaya!" Aji ya tuntsire da dariya, ni kuwa gumi nake.

Dattijon ya zo ya duba tayoyinsa, ya girgiza kai. Ya ce, "Malam, ai a gangare tun daga sama ake riƙe ta, ba a bari ta ɗauki gudu. In za a hau kuma ba a miƙewa, karkacewa ake yi, nan da can." Ya yi gaskiya: mai karkacewa yana tsawaita hanya ne don ya rage tsayin hawan kowane taku, sai ƙarfin da ake bukata ya ragu. Na roƙe shi ya maimaita wa yara, ya maimaita yana jin kunya.

Tun daga ranar, tambayar ƙwallo nake fara yi kafin in taɓa alli, kuma ba na barin yaro kusa da kaya mai nauyi a gangare sai da igiya a hannun babba. Jarkar na biya daga aljihuna. Sati na zagayowa dattijon ya turo kura makaranta, ya hango ni a bakin aji, ya ce, "Malam, yau ma akwai karatu, ko in sauke ruwana in tafi?"