Minti 45 ɗin da na riƙa sacewa

Ni malamar lissafi ce a firamaren 'yan mata a nan Makka, kuma sai da na kusa shekara goma a bakin aiki kafin na amsa wa kaina cewa sata nake yi. Ba kuɗin kowa na taɓa ba, lokaci nake ɗauka. Da zarar jarrabawa ta ƙarato ban ƙare littafi ba, sai in leƙa jadawali in nemo darasin da muke cewa ba shi da nauyi, in je wurin mai shi da murmushi: "Abla, ara mini yaran nan yau." Abla shi ne abin da ake kiran malama mace a Hijaz. Aro ne wanda ban taɓa biya ba, kuma ba ni kaɗai nake yi ba. Malamar Larabci ma gwana ce, har mukan yi rige-rige.

Ina da uzurina, ko da yake gurgu ne. A unguwar Shari' Mansur aka haife ni. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, ya ratsa Chadi da Sudan, ya haye teku daga Suwakin zuwa Jidda, ya yi aikin hajji bai koma ba. Zamanin da na yi firamare babu wani abu wai shi darasin motsa jiki a makarantar 'yan mata ta gwamnati. Motsa jikinmu shi ne hawa matakalun unguwa da kayan cefane, sai gaɗa a saman soro in gari ya yi sanyi. Ƙwallo ta yayyenmu maza ce, kuma sun ci moriyarta: a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, 'yan wasa uku ne a tawagar Saudiyya suke amsa sunan Hausawi, Usama da Umar da Mu'utaz. Mu mata kuwa sai a 2012 aka fara tura mu gasar Olamfik, a Landan, ɗaya daga cikin biyun da suka je 'yar Makka ce mai wasan judo. A watan Yulin 2017 Ma'aikatar Ilimi ta sanar da cewa za a shigar da motsa jiki makarantun 'yan mata na gwamnati, kaɗan-kaɗan gwargwadon halin kowace makaranta. Abin da mutum bai taɓa ɗanɗana ba, da wuya ya san zaƙinsa. Ni dai abin da na gani a sanarwar shi ne an ƙara mini rumbun da zan riƙa ɗiba.

Korona ce ta tona ni. An rufe makarantu a Maris 2020, aka koma karatu ta manhajar Madrasati, 'yan firamare suna shiga wajen ƙarfe uku na rana don iyaye su samu dawowa daga aiki. Ba su sake taka aji ba sai Janairun 2022. Kusan shekara biyu ke nan yara suna zaune a ɗaki. Da suka dawo na tarar da giɓi a lissafinsu wanda raƙumi zai iya faɗawa ciki, don haka tun makon farko na nufi malamar motsa jiki da roƙona na kullum. Yarinya ce, na girme ta nesa ba kusa ba, amma ta dube ni ta ce, "Abla, zo ki zauna ki kalla. In kin ga ba su da buƙata, ki kwashe su."

Na zauna ina cika ina batsewa. Filin makarantun 'yan mata a nan rufaffe ne ta sama, saboda sutura da kuma ranar Makka wadda ba a yi mata wargi. Ta jera 'yan aji huɗu, 'yan shekara tara, ta ce kowa ta tsaya da ƙafa ɗaya har a ƙirga goma. Wallahi da yawansu ba su kai biyar ba. Tsallen igiya kuwa sai ka ce an ɗaure musu ƙafafu. In aka jefo ƙwallo sai su rufe ido su kawar da kai. Mu da ba a taɓa koya mana komai ba, a shekarunsu muna 'yar gala-gala har magariba ba mu faɗi ba.

Daga ranar na riƙa zuwa in ba ni da darasi, har na gane cewa abin yana da tsari kamar nawa. Ana fara ɗumama jiki. Sannan gudu, da tsayawa cak in an busa usur, da tsalle da ƙafa biyu, da ƙafa ɗaya, da jifa, da cafewa, kowanne da matakinsa, ba a tsallake ɗaya a je ga na gaba. Ana koya musu dama da hagu da jikinsu, ba da baki ba. Ana sa su ɗora yatsu biyu a wuya su ji bugun jini kafin gudu da bayan gudu, su faɗi dalilin bambancin. Tun 2021 an ƙara wa sunan darasin "da kare kai", don haka akwai yadda ake tsayuwa da yadda ake faɗuwa ba a ji ciwo ba. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne koyon shan kaye. Yarinyar da ta fi kowa a ajina, wadda ba ta taɓa rasa maki ko ɗaya a wurina ba, aka cinye ɓangarenta a tseren miƙa sanda, sai ta zauna a ƙasa tana rusa kuka. Malamar ba ta rarrashe ta ba, ba ta kuma yi mata tsawa ba. Ta jira ta gama, ta sa layukan biyu suka gaisa hannu da hannu, aka sake. Ni shekara biyu ina yabon yarinyar nan, ban taɓa ba ta damar faɗuwa ta tashi ba.

Akwai kuma wadda na rubuta wa "ba ta mai da hankali" a takardar rahoto. A karo na uku da ƙwallo ta doke ta a fuska malamar ta ja ni gefe ta ce, "Wannan ba ta gani sosai." Aka kai ta asibiti, aka ba ta tabarau. Wata huɗu tana zaune a layin baya a ajina tana runtse ido ga allo, ni da nake tsaye gabanta kullum ban lura ba.

Darasin kwamfuta kuwa ban cika sace shi ba, don ɗakin yana da makulli, amma na raina shi ta wata fuskar. Cewa nake yi yaran yanzu da waya a hannu aka haife su, me za a koya musu? Ashe shafa gilashi daban, aiki da na'ura daban. Tun 2021 ake fara wannan darasi daga aji huɗu da sunan ƙwarewar dijital, kuma ranar farko za ka ga yarinya tana dangwala yatsa a fuskar kwamfuta tana mamakin ba ta motsa ba. Riƙe linzami sai an koya. Neman harafi a madannai, da sauya rubutu daga Larabci zuwa Turanci, da ba wa fayil suna a ajiye shi inda za a same shi gobe, duk sai an koya. In sun ɗan yi nisa sai a shiga manhajar Scratch, inda ake jera umarni kamar tubali don kyanwa ta yi tafiya. Kafin su taɓa na'urar malamar takan sa su rubuta yadda ake dafa shayi mataki-mataki, ita kuma ta bi abin da suka rubuta ba ƙari ba ragi. In an manta an ce a kunna wuta, sai ta miƙa musu ruwan sanyi da ganye a ciki. Na ari wannan dabarar na kai ta dogon rabawa, kuma wannan aron ban ji kunyarsa ba.

Abin da ya fi muhimmanci a unguwanni irin namu shi ne waɗannan yara su ne magatakardan gida. 'Yar aji biyar ce take buɗe wa kakarta Absher, manhajar hidimomin gwamnati, ita take duba mata Tawakkalna, manhajar da ke nuna matsayin lafiyar mutum lokacin annoba, ita take nema mata izinin Umra a manhajar Nusuk. Saboda haka in malama ta ce kalmar sirri kamar makullin ɗaki ce, kuma lambar da banki ya turo ta saƙo ba a karanta wa kowa a waya ko ya ce daga gwamnati yake, ba yarinyar kaɗai ta koya wa ba, gida guda ta tsare.

Daga baya na koma wata makaranta mai zaman kanta, inda ake yi wa ƙananan azuzuwa darasin kiɗa. Wannan sabon abu ne a ƙasar. A 2020 aka kafa hukumar kiɗa a ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu, aka kuma shiga horar da dubban malamai mata don koyar da ƙananan yara. Ba kowane uba ne ya yi na'am ba, kuma ba na ganin laifin wanda ya zo ya yi tambaya, don magana ce da malaman addini suka daɗe suna yi. Abin da na gani da idona dai mafi yawansa tafi ne da murya da sauraro: wace murya ce ta hau, wacce ta sauka, ina aka yi sauri, ina aka ja, yaushe za ki shigo, yaushe za ki yi shiru ki bar 'yar'uwarki. Yin shiru a daidai wurinsa shi ya fi ba su wuya.

Wata rana malamar ta ce kowace yarinya ta zo da salon tafi ɗaya daga gidansu. Makka kuwa tukunya ce da duniya ta zuba kayanta. Wata ta kawo na mizmar, wasan sanda da ganga na Hijaz wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016. Wata ta kawo na Yaman, wata na mutanen Jawa, wata na Bukhara. Da aka zo kan wata Bahaushiya 'yar aji uku sai ta sunkuyar da kai ta ce su ba su da komai a gida. Malamar ce ta ba ni labari a ɗakin malamai, ta san ni ma Bahaushiya ce. Na kuwa san kakar yarinyar, ita take zuwa ɗaukarta, tsohuwa mai tsage a kumatu, irin wadda in ta buɗe baki da waƙar daka sai ka ajiye abin da kake yi. Na kuma lura cewa in tsohuwar ta yi mata Hausa a bakin ƙofa, da Larabci take amsawa, tana sauri tana waige-waige.

Niyyata in kira yarinyar in yi mata faɗa, in ce wanda ya bar gida gida ya bar shi. Allah ya taimake ni na fara bi ta ofishin mai ba ɗalibai shawara. Da murshida ake ce mata, yanzu muwajjiha. Ni a da ɗaukarta nake yi mai rubuta sunayen masu makara da kiran iyaye. Ta ce in dakata, kada in ce komai tukuna.

Sai na ga yadda take aiki. Ba ta kira yarinyar ita kaɗai ba, don kada a nuna ta da yatsa. Ajin gaba ɗaya ta shiga, da katunan fuskoki, tana sa su ba wa abin da ke ransu suna: wannan fushi ne, wannan tsoro, wannan kishi, wannan kunya. Ta bambanta musu tsegumi da neman taimako: in kin faɗa don a hukunta wata, tsegumi ne, in kin faɗa don a ceci wata, ko ke kanki, ba tsegumi ba ne. Ta bambanta sirrin da ke sa farin ciki, kamar kyautar da aka ɓoye wa Umma, da sirrin da ke sa ciwon ciki, wanda dole a gaya wa babba. Ta rubuta musu 116111 a allo, layin taimakon yara, ta sa suka haddace. Wannan ya taɓa ni, don mu an rene mu da kunya da kara, an ce yaron kirki ba ya kai ƙara. Tarbiyya ce mai kyau, da ita nake alfahari, amma na ga yaran da aka cuta a ƙarƙashin inuwarta.

Bayan mako biyu yarinyar ta kai kanta ofishin. Ashe wasu 'yan aji biyar ne suke tare ta lokacin fusha, hutun cin abinci, suna kwaikwayon maganar kakarta, suna kiranta da kalmar da ake jifan baƙar fata da ita. Na san kalmar. An kira ni da ita ina 'yar shekara takwas, na haɗiye, ban gaya wa kowa ba sai yau da nake rubutawa. Muwajjiha ta zauna da waɗancan yaran ɗaya bayan ɗaya, ta kira iyayensu, ta bi maganar har ta mutu. Da na yi faɗan da na yi niyya, da na zama ta biyu da ta hukunta yarinyar a kan Hausarta.

Na samu tsohuwar a bakin ƙofa na gaishe ta, na ce, "Iya, ana neman tafin gaɗa a makaranta." Ta yi dariya har da riƙe haɓa ta ce, "'Yar nan, yau kuma gaɗa ce ta zama karatu?" Na ce ta zama.

Har yanzu jikar da Larabci take amsa mata a bakin ƙofa, sai dai ta daina waige-waige. Tafin kuma ta kawo shi, ba waƙar, hannu kawai. Makon jiya ina wucewa ta fili lokacin fusha na ji shi, wasu yara shida sun yi da'ira, har da 'yar Bukhara, ɗaya ta faɗo baya sauran sun tare ta sun cilla. Na tsaya har aka kaɗa ƙararrawa, sannan na shiga aji huɗu, inda nake baya da babi biyu, jarrabawa kuma saura mako uku.